Hajiya Gambo Sawaba: Matar da ta shiga kurkuku sau 16 kafin matan Arewa su samu ƙuri'a

Ranar 1 ga Oktoban 1960 da aka sauke tutar Ingila a Legas aka ɗaga ta Najeriya, babu mace ko ɗaya a Jihar Arewa da doka ta amince ta jefa ƙuri'a. A zaɓen tarayya na Disambar 1959, wanda ya fitar da gwamnatin da ta karɓi mulki daga hannun Turawa, matan Gabas da na Yamma sun shiga layi sun zaɓi wanda suke so, amma takwarorinsu na Arewa suna cikin gida sai dai labari. Sai da aka ƙara shekara 16 kafin wannan ƙofa ta buɗe musu.

Cikin matan da suka ji zafin wannan rana har da wata mai shekara 27 a Sabon Garin Zariya, wadda kafin lokacin ta riga ta san ɗakunan kurkukun Kano da na Zariya kamar yadda ta san tsakar gidanta. Sunanta na yanka Hajaratu, amma duniya ta fi saninta da Gambo Sawaba.

Najeriya ba ta karɓi 'yancinta da bakin bindiga ba kamar Aljeriya, inda aka shafe daga 1954 zuwa 1962 ana gwabzawa da Faransa har aka yanke wa budurwa irin Jamila Buhairad hukuncin kisa, ko Kenya inda mata suka riƙa kai wa mayaƙan Mau Mau abinci da harsashi cikin daji. A ƙasar Hausa yaƙin makami ya ƙare tun da wuri: Kano da Sakkwato sun faɗi a 1903, aka ƙarasa a Burmi cikin wannan shekara, aka murƙushe Satiru a 1906. Abin da ya biyo baya a shekarun 1950 gwagwarmaya ce ta lacca da tarurruka da kotun alƙali da bulala da gidan yari. Ba a kira ta yaƙi ba, amma ta bar tabo a jikin mutane, kuma a cikin mata babu wadda ta kwashi tabon kamar Gambo.

Tasowarta a bakin layin dogo

An haife ta ranar 15 ga Fabrairun 1933. Mahaifinta mutumin ƙasar da a yau ake kira Ghana ne, ma'aikacin safiyo da ya zo aiki a hukumar jiragen ƙasa, ya zauna a Zariya, ya karɓi Musulunci ya koma Isa. Mahaifiyarta Fatima Banufiya ce daga yankin Labun a Jihar Neja ta yanzu. Da yake a bayan tagwaye aka haife ta, sai aka kira ta Gambo kamar yadda al'ada ta tanada.

Wurin da ta taso ya yi tasiri a kanta. Tudun Wada da Sabon Garin Zariya matattara ce da jirgin ƙasa ya haɗa: Hausawa, Nufawa, Yarbawa, Ibo, leburori, akawuna, tsofaffin sojoji da 'yan kasuwa. A irin waɗannan unguwanni ne jaridun Kudu ke fara sauka, a nan ake jin labarin Azikiwe da yajin aikin ma'aikata kafin ya shiga cikin ganuwa. Yarinyar da ta girma a nan ba ta tashi da tsoron fada irin na 'yar birni ba. Ana ba da labarin cewa tun tana ƙarama ba ta iya wuce faɗa idan ta ga an fi ƙarfin wani yaro, sai ta karɓe faɗan ya zama nata, ta koma gida da riga a yage.

Ta fara karatu a makarantar firamare ta En'e da ke Tudun Wada, amma bai yi nisa ba. Mahaifinta ya rasu a 1943 tana da shekara 10, bayan shekara uku mahaifiyarta ta bi shi. Tana da shekara 13 aka aurar da ita ga wani tsohon soja da ya dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu. Tana ɗauke da cikin fari ya sa ƙafa ya tafi bai dawo ba, ta haifi 'yarta Bilkisu a 1949. Marainiya, mai goyo, babu miji babu takardar makaranta, duk kafin ta cika shekara 17. Wanda ya riƙe wannan a zuciya ba zai yi mamakin abubuwan da ta ƙare rayuwarta tana magana a kansu ba: aurar da yara ƙanana, hana 'ya mace karatu, da aikin tilas.

Mulki mai hawa biyu

A Arewa Bature bai cika zuwa ƙofar gidan talaka da kansa ba. Tsarin da Lugga ya shimfiɗa shi ne a yi mulki ta hannun sarakuna, Razdan da Di'o suna daga baya suna juya akala. Haraji da jangali daga mai unguwa suke tashi zuwa dagaci, zuwa hakimi, zuwa baitulmalin En'e. 'Yan doka na En'e ne, gidan yari na En'e ne, alƙali ma albashinsa daga can yake fitowa. Saboda haka duk wanda ya ce zai ja da mulkin mallaka, ba Bature zai fara cin karo da shi ba, dogari ne da ɗan doka, mutanen da suke sallah a masallaci ɗaya da shi.

A ƙauyukan da ke kewaye da Kano, irin su Rimin Gado da Tofa da Kabo, inda gona ke haɗe da gona kuma babu wani fili da ke zaune banza, wannan tsari a jikin gyaɗa yake tafiya. Manomi ya shuka gero da dawa don ci, ya shuka gyaɗa don ya samu kuɗin haraji, ita kuma gyaɗar ta tafi Kano ta zama dala kafin jirgi ya kwashe ta zuwa teku. A takarda maza ne ke biyan haraji. A zahiri kuwa idan damina ta yi gardama kuma mai unguwa ya tsaya a ƙofar gida, akuyar uwargida ce ke tafiya kasuwa, ko kuɗin kaɗi da na man gyaɗa da ƙuli-ƙulin da ta tara a asusu. Idan aka ɗaure maigida saboda ya halarci lacca ko an ce ya zagi mai sarauta, ita ce za ta riƙe gidan har ya fito. Wannan kaso na gwagwarmayar ba a rubuta sunayen masu shi a ko'ina ba.

A cikin wannan yanayi ne wasu matasa takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, cikinsu har da Abba Maikwaru, Bello Ijumu, Magaji Dambatta da Mudi Sipikin. Malam Aminu Kano ya zama shugabanta a 1953. Da Hausa ana kiranta Jam'iyyar Neman Sawaba, alamarta tauraro, kuma manufarta a fili take: a kawo ƙarshen mulkin Turawa, a kuma gyara tsarin En'e da ke danne talaka. Abokiyar hamayyarta NPC, mai alamar fartanya, ita ce ta samu goyon bayan sarakuna da manyan ma'aikatan En'e. Tun a zaɓen 1951 aka ga yadda wasan zai kasance. NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano, amma da yake zaɓen hawa-hawa ne kuma En'e na da ikon cusa nata mutanen a tsakiya, jam'iyyar ta tashi ba ta da kujera ko ɗaya a Majalisar Arewa.

Gambo ta yanki katin NEPU tana da shekara 17, a lokacin da mazaje da yawa ke ɓoye nasu katin. Labarin da ya fi yawo game da fitowarta shi ne na wani taron siyasa a Zariya inda maza suka cika wuri amma kowa ya yi gum, ita kuwa ta miƙe ta hau mumbari ta yi magana. Daga taken jam'iyyar aka ciro mata laƙabin Sawabiya, wanda ya rikiɗe ya zama Gambo Sawaba. Ba da jimawa ba ta zama shugabar mata ta reshen Sabon Gari, daga baya ta jagoranci matan jam'iyyar baki ɗaya.

Ta kuma yi abin da 'yan Arewa kaɗan suka yi a wancan zamani: ta hau jirgi ta tafi Abekuta wajen Funmilayo Ransome-Kuti, matar da ta tara dubban matan kasuwa suka yi ta zanga-zanga kan harajin da aka ɗora wa mata har Alake Ademola ya sauka daga gadon sarauta a farkon 1949. A can Gambo ta ga da idonta cewa matan da ba su yi boko ba za su iya girgiza fada idan suka haɗa kai.

Ƙofar da namiji ba ya shiga

Amfanin Gambo ga NEPU ya wuce ƙarfin hali. Ɗan siyasa namiji, komai iya bakinsa, iyakarsa zaure. Rabin al'umma suna can ciki a bayan katanga, kuma su ne ke tarbiyyar yara, su ne ke haɗuwa a biki da suna, su ne ke aika 'yan talla gida-gida da fura da ƙosai da labari. Mace ce kaɗai za ta yi sallama ta wuce har tsakar gida ta zauna a tabarma. Abin da aka tura Gambo ta yi a Kano ke nan a 1952, kuma abin da ya jawo mata ɗaurin farko ke nan.

An gurfanar da ita gaban alƙali bisa zargin tana fito da matan kulle daga gidajen mazajensu, aka yanke mata wata uku. Ba a daɗe ba aka sake kama ta tare da mata kimanin 200 saboda sun yi taro ba tare da izini ba, izinin da kuma En'e ce ke bayarwa. Daga ƙarshe hukumomin Kano suka kore ta daga ƙasar Kano gaba ɗaya, aka haɗa ta da 'yan doka suka raka ta har cikin jirgin Zariya don a tabbatar ta tafi.

Korar ba ta sa ta zauna ba. Ta ci gaba da zagaya garuruwan Arewa, kuma bayan Kano da Zariya ta ɗanɗana kurkukun Kaduna da na Jos. Jimillar ɗaurin da aka yi mata ya kai 16. Har bargo ta tanada na musamman wanda take ɗauka duk lokacin da aka zo tafiya da ita, kamar yadda matafiyi ke ajiye jakarsa a kusa.

Ɗaurin ma shi ne mai sauƙi. An yi mata bulala a bainar jama'a. An aske mata kai da fasasshiyar kwalba. Shekarun nan ne 'yan daban siyasa suka yi ƙarfi, irin ƙungiyar da aka sani da 'Yan Mahaukata a Kano, kuma akwai lokacin da wasu ƙarti suka tare ta suka yi mata dukan kawo wuƙa suka yar da ita a daji suna zaton ta mutu. Ta rasa haƙoranta na gaba. A 1957 sai da likitoci suka yi mata tiyata suka cire mahaifarta sakamakon azabar da jikinta ya sha, tana da shekara 24 kacal. A al'ummar da ake auna darajar mace da haihuwa, mai karatu ya san girman abin da aka raba ta da shi.

Akwai kuma makamin da ba ya barin tabo a fata. Duk macen da ta fito siyasa a wancan zamani, sunan da ake fara jifanta da shi shi ne karuwa. Gaskiya ne cewa da yawa daga matan da suka iya fitowa fili zawarawa ne da 'yan kasuwa da mata masu zaman kansu, domin su ne ba su da mai hana su fita. Amma an yi amfani da wannan suna a matsayin shinge, yadda matar aure mai mutunci za ta ji kunyar a gan ta kusa da taron jam'iyya, mijinta kuma ya ji kunyar barinta. Wannan shinge ya fi kurkuku aiki, kuma har yau bai gama rushewa ba. Duk wadda ta taɓa neman kansila a ƙauyensu za ta ba da labari.

Tuta ta zo, ƙuri'a ba ta zo ba

Tun daga 1953, lokacin da Anthony Enahoro ya gabatar da ƙudurin neman mulkin kai a majalisar Legas, aka shiga jerin tarurrukan tsarin mulki a Landan da Legas. NEPU, wadda ta ƙulla ƙawance da NCNC ta Azikiwe, ta tsaya kan cewa kowane baligi ya yi zaɓe kai tsaye, mace da namiji. NPC ta ƙi. Hujjarta ita ce al'adar Arewa da fahimtar jama'a game da addini ba su shirya karɓar haka ba, kuma lokaci ne zai kawo shi. Turawa, waɗanda matan ƙasarsu suka samu cikakken 'yancin zaɓe tun 1928, ba su ga dalilin ɓata wa abokan tafiyarsu rai a kan wannan ba.

A 1956 Gambo ta jagoranci mata zuwa ofishin Firimiyan Arewa, Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello, a Kaduna, suka kai kokensu na a ba mata ƙuri'a. Sun dawo hannu rabbana. Babu mai musun ayyukan da gwamnatin Sardauna ta bar wa Arewa, daga jami'ar Zariya zuwa masaƙun Kaduna, amma a wannan batu tarihi ya nuna 'yar Sabon Gari ce ke da gaskiya. Nijar da ke maƙwabtaka, mai Hausawa da Musulunci iri ɗaya da na Kano da Katsina, matanta sun samu damar zaɓe tun 1956 a ƙarƙashin dokar da Faransa ta yi wa ƙasashen da take mulka, kuma sama ba ta faɗo ba.

Arewa ta samu mulkin kanta ranar 15 ga Maris na 1959, Najeriya ta samu 'yanci a 1960, amma ga 'yan NEPU abin da ya sauya kaɗan ne. Bature ya tafi, kotun alƙali da 'yan doka da gidan yarin En'e suna nan a hannun waɗanda suke a da, kuma kamun 'yan adawa ya ci gaba har sojoji suka kifar da Jamhuriya ta Farko a 1966 suka haramta jam'iyyu.

Abin da farar hula suka hana, a hannun soja aka same shi. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976, a zamanin Janar Obasanjo da Shehu Musa 'Yar'aduwa, shi ya ba matan Arewa damar zaɓe karon farko, tsarin mulkin 1979 kuma ya tabbatar da shi. Gambo tana da shekara 43 a lokacin. Masu cewa mata ba za su fito ba sun sha mamaki, kuma har gobe a rumfunan zaɓen karkarar Kano, Rimin Gado da maƙwabtanta, layin mata ba ya kunyata kowa.

Bayan gwagwarmaya

Da aka dawo siyasa a Jamhuriya ta Biyu, mutane da yawa sun zaci za ta bi Malam Aminu Kano zuwa PRP, magajiyar NEPU. Sai ta zaɓi GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, mai kiran a yi siyasa ba da gaba ba, har ta zama mataimakiyar shugaban jam'iyyar na ƙasa. Duk da haka ta ga cikar wani tsohon burin NEPU a 1979, lokacin da Muhammadu Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali.

Ba ta taɓa zama minista ko 'yar majalisa ba, ba ta kuma tara dukiya ba. Ta sake aure fiye da sau ɗaya amma zaman bai ɗore ba, domin ba kowane namiji ke iya zama da matar da ake iya zuwa a tafi da ita kowane dare ba. Gidanta na Zariya ya zama mafakar marayu da marasa galihu, ta riƙi yara da yawa waɗanda ba ita ta haife su ba, masu tabin hankali da mabarata ma ba a korarsu daga ƙofarta. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 ta janye jikinta daga siyasa, bayan ta ga kuɗi ya maye gurbin aƙida. Allah Ya yi mata rasuwa a Zariya a watan Oktoban 2001 tana da shekara 68.

An sa sunanta a babban asibitin Ƙofar Gayan a Zariya, da kuma wani ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero ta Kano, birnin da aka taɓa fitar da ita daga cikinsa da rakiyar 'yan doka.

A watan Agustan 2012 Babban Bankin Najeriya ya sanar da shirin fito da takardar Naira 5,000 mai ɗauke da hotunan mata uku: Funmilayo Ransome-Kuti, Margaret Ekpo da Gambo Sawaba. Gwamnan bankin a lokacin shi ne Sanusi Lamiɗo Sanusi, jikan Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Ɗaya, wanda a zamanin sarautarsa daga 1953 zuwa 1963 'yan NEPU suka fi shan wuya a Kano. Jama'a da 'yan majalisa sun yi ca a kan shirin saboda tsoron hauhawar farashi, Shugaba Goodluck Jonathan ya dakatar da shi a watan Satumba, ba a kuma sake tayar da maganar ba. Har yanzu mace ɗaya ce tak ake iya karanta sunanta a jikin Naira, wato Ladi Kwali mai ginin tukwane, a bayan takardar Naira 20.